Gwajin Samu a Dokar Karayar Arziki ta Amurka: Nazari da Suka a Ma'aunin Fiƙihun Taflisi

Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya haramta cin dukiyar mutane da ɓarna, Ya kuma wajabta sassauta wa wanda ƙunci ya kama. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Saboda haka babu al'ummar da ta tsira daga wata tambaya guda: idan lokacin biya ya yi, mutum bai biya ba, ta yaya za a gane ko kasawa ya yi ko ƙi ya yi? Idan aka ɗauki mai taurin bashi a matsayin matsattse, an zalunci mai dukiya. Idan kuma aka ɗauki matsattse a matsayin mai taurin bashi, an ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. Amurka ta amsa wannan tambaya a shekarar 2005 da wani lissafi da ya dogara ga kuɗin shigar mutum, wanda wannan maƙala za ta kira gwajin samu. Nazarinsa ya shafi ɗalibin fiƙihu ta fuska biyu: Musulmi da dama suna rayuwa a ƙarƙashin wannan doka, sannan albashi ya zama babbar dukiyar yawancin masu cin bashi a wannan zamani. Matsayar maƙalar ita ce manufar gwajin ta dace da shari'a, amma ma'aunin da aka zaɓa ya auna abin da ba shi ne abin tambaya ba.

Yadda gwajin yake aiki

Dokar karayar arziki da Amurka ke aiki da ita an kafa ta a 1978. Ta buɗe wa ɗaiɗaikun mutane manyan ƙofofi biyu. A Babi na 7, ana naɗa amintacce ya tattara kadarorin mutum, ban da waɗanda doka ta keɓe masa, ya sayar, ya raba wa masu bin bashi, daga nan kotu ta sauke masa yawancin abin da ya rage cikin 'yan watanni. A Babi na 13, mai samu na yau da kullum yana riƙe kadarorinsa, amma yana biya daga kuɗin shigarsa na tsawon shekara 3 zuwa 5 kafin a sauke masa ragowar. Akwai basussukan da ba sa saukuwa cikin sauƙi ta kowace ƙofa, kamar kuɗin ciyar da 'ya'ya, da yawancin haraji, da bashin karatu.

Bankuna da kamfanonin katin bashi sun daɗe suna kukan cewa masu hali na fakewa da Babi na 7. Majalisar Dokoki ta amince da gyara a ƙarshen shekarar 2000, amma Shugaba Bill Clinton bai sa hannu ba. Sai a ranar 20 ga Afrilu, 2005, Shugaba George W. Bush ya sa hannu a kan sabon gyaran, ya fara aiki ranar 17 ga Oktoba na wannan shekara. Mutane sun yi rububin shigar da buƙatunsu kafin ƙofa ta ƙuntata, har adadin ya haura miliyan 2 a 2005, sannan ya faɗo zuwa kimanin dubu 600 a 2006.

Gwajin yana da matakai biyu. Da farko ana haɗa duk abin da ya shigo hannun mutum a watanni 6 da suka gabaci watan da ya kai buƙatarsa kotu, a fitar da matsakaicin wata guda, a ninka sau 12. Ba a sa kuɗin tsarin tallafin tsofaffi da naƙasassu na gwamnatin tarayya a cikin lissafin. Sai a gwada abin da aka samu da tsaka-tsakin samun iyalai masu yawan mutane irin nasa a jiharsa, wato adadin da rabin iyalan ke sama da shi, rabi ke ƙasa. Wanda bai haura wannan layi ba ya tsallake. Wanda ya haura shi zai shiga mataki na biyu: a cire masa kuɗin abinci da sutura da muhalli da sufuri bisa jadawalin hukumar tara haraji, a cire biyan basussuka masu jingina da waɗanda doka ta fifita, a ninka ragowar sau 60. A yadda dokar ta fito a 2005, idan jimillar ba ta kai dala 6,000 ba babu tuhuma. Idan ta kai dala 10,000 ana ɗauka yana cin zarafin dokar. A tsakanin biyun kuwa ana duba ko za ta biya kashi 25 cikin 100 na basussukansa marasa jingina. Ana sabunta waɗannan adadi duk shekara 3. Wanda tuhumar ta hau kansa, ko dai a kori buƙatarsa ko ya koma Babi na 13, sai fa idan ya tabbatar da wani yanayi na musamman, kamar rashin lafiya mai tsanani ko kiran aikin soja.

Inda manufar ta dace da shari'a

Adalci ne a fara da abin da dokar ta dace a kansa. Shari'a ba ta yi wa masu cin bashi kuɗin goro ba. Aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta wajabta a saurara wa mai ƙunci har ya samu sauƙi, ta kuma kwaɗaitar da a yafe masa. A ɗaya gefen, Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) hadisin da ya bayyana jinkirin mawadaci wajen biya a matsayin zalunci, Abu Dawuda da Nasa'i kuma sun ruwaito wanda ya halatta a kai ƙarar mai hali da ya ƙi biya, a hukunta shi. A Muwaɗɗa akwai labarin mutumin nan na ƙabilar Juhaina da bashi ya yi wa katutu, Sayyidina Umar (R.A.) ya yi shela ga masu bin sa su zo a raba musu dukiyarsa. A kan irin waɗannan dalilai jumhurun malamai suka gina babin taflisi, wato alƙali ya hana wanda bashi ya rinjayi dukiyarsa tasarrufi a cikinta, ya sayar, ya raba gwargwadon hakkin kowa. Imam Abu Hanifa bai yarda da wannan hani ba, amma almajiransa biyu, Abu Yusuf da Muhammad, sun bi jumhuru.

Ashe ke nan rarrabe mai hali da marar hali asali ne a fiƙihu. Saɓanin yana wajen ma'auni. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na 7 a Jidda a 1992, ta iyakance ƙuncin da ke wajabta saurarawa da cewa ya kasance mutum ba shi da wata dukiya da ta wuce buƙatunsa na asali wadda za ta iya biyan bashin. Abin dubawa a nan shi ne rarar da ke hannun wannan mutum, a wannan lokaci, bayan buƙatunsa na gaskiya. A kan waɗannan sharuɗɗa uku ne gwajin samu ya yi tuntuɓe.

Aibi na farko: auna jiya a madadin yau

A ƙaddara ma'aikaci yana karɓar dala 6,000 a wata har wata 5, a wata na 6 aka sallame shi, bai samu ko sisi ba. Gwajin zai ce samunsa na wata dala 5,000 ne, na shekara kuma dala 60,000, alhali ranar da ya tsaya gaban kotu ba shi da albashi. Akasin haka, wanda ya yi wata 5 ba aiki sannan ya samu babban muƙami zai fito a takarda a matsayin talaka. Gaskiya ne dokar ta bar wa kotu damar duba yanayin na biyun baki ɗaya, ta kuma bar wa na farkon damar kare kansa, amma nauyin kawo hujja ya koma kan wanda ba shi da abin biyan lauya.

Kotun Ƙolin Amurka kanta ta ci karo da wannan matsala a shari'ar Hamilton da Lanning a 2010. Wata mata ta karɓi kuɗin sallama daga tsohon wurin aikinta a cikin watanni 6 ɗin, lissafi ya kumbura, aka nemi ta riƙa biyan abin da kowa ya san ba za ta iya ba. Kotun ta yanke cewa a Babi na 13 alƙali na iya la'akari da canjin da ya tabbata ko ya kusa tabbata a samun mutum. Wannan hukunci komawa ne ga abin da fiƙihu ya fara da shi. Ayar saurarawa ta rataya hukunci ga halin da mutum ke ciki, ta kuma sanya iyakarsa samun sauƙi a nan gaba. A mazhabar Malikiyya, mai da'awar ƙunci yana kawo shaidun da za su ce ba su san shi da wata dukiya ta fili ko ta ɓoye ba, sannan ya yi rantsuwa. Wanda ba a san halinsa ba ana iya tsare shi na ɗan lokaci don a bincika, sai idan ya kawo mai tsaya masa. Wanda rashinsa ya tabbata kuwa ba a tsare shi. Abin da ya mallaka bara alama ce da alƙali zai iya dubawa, amma ba ita ce hukunci ba.

Aibi na biyu: jadawali a madadin buƙatar mutum

Layin tsaka-tsaki yana nuna matsayin mutum tsakanin maƙwabtansa, ba ya nuna abin da zai iya biya. Mai samu ƙasa da layin, wanda ba shi da iyali kuma bashinsa kaɗan ne, yana iya biya. Mai samu sama da layin, wanda ke jinyar ɗa ko mata, yana iya kasawa. Dokar ba ta ma fayyace wane ne ake ƙirgawa cikin iyali ba, har kotuna suka rabu: wasu na ƙirga duk mai kwana a gidan, wasu na bin waɗanda aka rubuta a takardar haraji, wasu na duba waɗanda tukunyarsu ɗaya. Jadawalin kuɗin buƙatu kuwa asalinsa hukumar haraji ta tsara shi don karɓar harajin da aka ƙi biya, sai aka ɗauko shi aka ɗora wa wanda ya zo neman mafita.

Fuƙaha'u sun yi maganar abin da ake bar wa muflisi, amma sun rataya shi ga al'ada da halin mutumin. Malikiyya, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Shehu Khalil, suna bar masa abincinsa da ciyarwar da ta wajaba a kansa har zuwa lokacin da ake zaton zai samu sauƙi, tare da suturarsa da ta iyalinsa. Game da gidan da yake ciki an yi saɓani: Ibn Ƙudama ya kawo a Al-Mugni cewa Hanbaliyya da Abu Hanifa ba sa sayar da gidan da ba shi da makawa sai shi, Malik da Shafi'i kuwa suna ganin a sayar a kama masa haya. Duk ɓangarorin biyu suna tambayar abin da wannan mutum ke buƙata ne. Ya kamata dai a yaba wa dokar a wurare biyu: ta yarda a cire kuɗin kula da tsofaffi ko marasa lafiya na dangi na kusa, ciki har da iyaye, ta kuma kare sadakar da mutum ke bai wa ƙungiyoyin addini da na agaji, har kashi 15 cikin 100 na samunsa a Babi na 13. Sai dai a nan fiƙihu ya fi dokar tsanani, domin Malikiyya sun hana wanda bashi ya kewaye dukiyarsa yin kyauta da ita: biyan hakkin mutane yana gaba da sadakar nafila.

Aibi na uku: saka wa wanda ya fi nutsewa

Tun da ana cire biyan basussuka masu jingina kafin a fitar da rara, wanda ya ci bashin babban gida da mota mai tsada yana iya fitowa ba shi da rara, ya shiga Babi na 7. Maƙwabcinsa mai albashi iri ɗaya, wanda ya zauna a ƙaramin gida ya lallaɓa tsohuwar motarsa, zai fito da rara, a tura shi biyan shekara 5. A shari'ar Ransom ta 2011, Kotun Ƙoli ta yanke cewa wanda ya gama biyan kuɗin motarsa ba zai ci moriyar cirewar da jadawali ya tanada don mallakar mota ba. Hukuncin ya bi lafazin dokar, amma sakamakonsa shi ne mai tattali ya fi mai almubazzaranci shan wuya.

Haka kuma gwajin bai shafi kowa ba, sai wanda yawancin bashinsa na buƙatun kai da na gida ne. Ɗan kasuwar da ya karye da bashin miliyoyi ba ya bi ta wannan siraɗi, komai yawan samunsa, amma ma'aikaciyar da kuɗin asibiti ya durƙusar dole ta bi. Fiƙihu bai san wannan rabo ba. Inda malamai suka duba dalilin cin bashi shi ne wajen bai wa mabashi zakka, inda suka shar'anta kada bashin ya kasance na saɓo ko ɓarna. Bashin magani da na abinci shi ne ya fi kowane cancantar sassauci a wurinsu.

Aibi na huɗu: mantawa da mai ba da bashi

Gyaran 2005 ya zuba ido a kan mai karɓa, bai kafa wani gwaji makamancinsa ga mai bayarwa ba. Kamfanin da ya miƙa katin bashi ga wanda ya san rauninsa, ya sa kuɗin ruwa mai yawa saboda hatsarin rashin biya, ya riga ya karɓi ladan hatsarin. Kuma kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Wani ɓangare na abin da ake bin irin waɗannan mutane riba ce da tarar jinkiri, alhali aya ta 279 ta Suratul Baƙara ba ta bar wa mai riba komai ba sai uwar kuɗinsa. Gwajin yana auna ƙarfin biyan adadin da shari'a ba ta amince da wani sashensa ba tun farko.

Ban da haka, yawan takardu ya sa neman mafita ya yi tsada ga kowa, har da waɗanda ba su haura layin ba. Ofishin binciken ayyukan gwamnati na Majalisar Dokokin Amurka ya bayar da rahoto a 2008 cewa matsakaicin kuɗin lauya a Babi na 7 ya ƙaru da kusan rabi bayan gyaran. Garin neman kama 'yan tsirarun masu taurin bashi, sai aka ɗaga kuɗin shiga ga matsattsu masu yawa.

Abin da fiƙihun zamani zai ɗauka

Suka ba ta cika ba sai an juyo da ita gida. Babin taflisi an rubuta shi ne a zamanin da dukiya take nufin gona da dabbobi da hajar kasuwa, shi ya sa ya fi mayar da hankali ga abin da ke hannu. Malik da Shafi'i ba sa tilasta wa muflisi ya yi sana'a don biyan ragowar bashi. Hanbaliyya, a mashahuriyar riwaya, suna tilasta wa mai sana'a ya yi aikin lada ya biya. A yau ma'aikaci na iya zama ba shi da fili ko shanu, amma albashi na shigo masa duk ƙarshen wata, kuma a kan wannan albashi aka ba shi bashin. Bankunan Musulunci, ciki har da na Nijeriya tun bayan buɗe na farkonsu a 2012, suna sayar wa ma'aikata kaya ta hanyar murabaha a kan wannan tushe. Ɗaukar irin wannan mutum a matsayin marar komai don kawai ba shi da kadara zai zama tauye hakkin mai dukiya. A nan ra'ayin Hanbaliyya ya fi kusa da manufar shari'a, kuma tsarin Babi na 13, na biya daga rarar albashi cikin wa'adi sananne, abu ne da za a iya amfana da shi.

Haka nan ƙayyade adadi ba laifi ba ne a kan kansa. Shari'a ta sanya nisabi a zakka, kuma jadawali yana rage son zuciyar alƙalai da bambancin hukunci. Sharaɗin shi ne ya tsaya a matsayin alamar da alƙali zai fara da ita, mai sauƙin turewa da shaida, kada ya zama hukuncin da zai maye gurbin bincike.

Hukuncin kotu da abin da ke wuyan mutum

Saura tambayar da ta fi damun Musulmin da ke can: idan ya tsallake gwajin, kotu ta sauke masa bashi, ya kuɓuta a wurin Allah? Muslim ya ruwaito daga Abu Sa'id Al-Khudri (R.A.) labarin mutumin da ya yi asara a 'ya'yan itacen da ya saya, aka tara masa sadaka ba ta isa ba, Annabi (S.A.W.) ya umarci masu bin sa su ɗauki abin da suka samu, ya sanar da su ba su da wani abu bayansa. Jumhurun malamai sun fahimci wannan a matsayin dakatar da nema har ya samu sauƙi, ba shafe bashin ba. Hadisin da ya nuna ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi yana ƙarfafa wannan fahimta.

Mai jayayya na iya cewa bankin ya ba da bashin yana sane da dokar, don haka ya yarda da saukewar tun ranar ƙulla yarjejeniya, tun da abin da aka sani a al'ada kamar sharaɗi yake. Hujja ce mai ƙarfi game da manyan kamfanoni, amma tana raunana game da ɗan'uwa ko aboki ko ƙaramin ɗan kasuwa da ya ba da rance don taimako. Abin da ya fi kuɓutarwa shi ne a ɗauki hukuncin kotu a matsayin kariya daga matsi, uwar kuɗi kuma ta zauna a wuyan mutum har ya biya ko a yafe masa. Dokar Amurka ba ta hana wanda aka sauke wa bashi ya biya don raɗin kansa ba. Wanda ƙunci ya kama da gaske ba shi da laifi idan ya nemi wannan kariya, ko ya jira 'yan watanni don lissafin ya nuna halinsa na gaskiya. Amma wanda ya ɓoye dukiya, ko ya ƙara bashi da gangan don ya rage rararsa, ya haɗa laifin doka da rantsuwar ƙarya da cin hakkin mutane.

Kammalawa

Gwajin samu ya yi tambayar da ta dace, ya amsa ta da lissafin watannin da suka wuce, da matsayin mutum tsakanin maƙwabta, da jadawalin da aka tsara don wata manufa. Duk ƙasar Musulmi ko cibiyar kuɗi ta Musulunci da za ta tsara ƙa'idar karayar arzikin ɗaiɗaikun mutane tana buƙatar ta sa albashi cikin lissafi, ta auna rarar yau bayan ciyarwar da ta wajaba, ta cire riba kafin a ƙidaya bashi, ta bar wa alƙali ikon bincike, ta kuma farfaɗo da kason mabasa da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ware a zakka, domin shi ne mafitar da shari'a ta tanadar wa wanda ya kasa ba tare da an tauye mai dukiya ba. Allah ne Mafi sani.